'Yan Jidda a taimaka, ina so in gyara falo da kayan haraj

Ummu Sudais

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah waɗanda suka san kan Jidda ku ba ni shawara. Mun tare a wata shagga, wato filat, a unguwar Safa, ɗaki biyu da falo, kuma wlh ijar, wato kuɗin haya, ya kwashe komai, dan tun rusau ɗin nan na unguwannin su Gulail da Bitrumin da Sabil gidaje suka yi wuta, maigida ya biya na wata shida a dunƙule abin da ya rage a hannu bai taka kara ya karya ba. Yanzu falon daga kafet sai matasai, sai talabijin da muka ɗora a kan kwalinta. Na leƙa IKEA da wasu shagunan kayan ɗaki na dawo jiki a sanyaye, ga dariba, wato VAT, kashi 15 da aka ɗora tun 2020, komai ka taɓa sai ya cije ka.

Toh akwai wani salo da nake yawan gani a Pinterest da Instagram, shabi shik suke ce masa, tsofaffin kaya ne ake samowa a yi musu fenti fari ko ruwan madara ko shuɗi mai haske, a ɗan goge bakin-bakin katakon ya leƙo kamar da kansa ya tsufa, sai a haɗa da labule mai ƙananan fulawoyi da madubi mai tsohon firam, abun dai ya shiga raina sosai kuma inaga zan iya in na samu mai nuna min hanya. Matsalar ban taɓa zuwa haraj ba, wato kasuwar gwanjo, jin labarin kasuwar Sawarikh kawai nake yi, ban san me ake saya me ake gudu ba, ga tsoron kuɗin cizo dan ina da yara ƙanana, sannan fentin ma ban san wane iri ba ne, wai na alli, ana samunsa a nan kuwa?

Sai babbar damuwar, maigida ya ce shi ba ruwansa in dai ba za a tambaye shi kuɗi mai yawa ba, amma ya yi dariya ya ce araha ba ta ado, kuma in tuna Hajiyarsu da 'yan uwansa mata za su zo ganin gida. Kun dai san mutanenmu, kar in sha wahala a tashi a ce matar wane a bola ta tsinto kayan ɗaki. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya dan Allah. Nagode.

Abu Fahad Najjar

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Ni katako ne sana'ata, kuma rabin aikin da ke shigo min daga haraj yake fitowa, dan haka bari in faɗa miki abin da na sani, zancen kala da labule na bar wa mata.

Sawarikh tana kudancin Jidda ta wajen Khumra, kasuwa ce mai girman gaske, in ba ki san ɓangaren da za ki ba sai ƙafarki ta gaji ba ki ga kujera ko ɗaya ba, dan akwai ɓangaren tufafi akwai na kayan wuta akwai na darduma. Ku tafi da maigida bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ku tambayi wajen asas musta'amal, wato kayan ɗaki na hannu. Shagunan da ke bakin hanya waɗanda za ki ga kaya na ƙyalli an naɗe da leda, ki wuce su, waɗannan sun saya ne da arha sun fesa masa fenti sun ɗora ribarsu, ke kuma da za ki sake fenti me za ki yi da fentinsu? Ki shiga ciki inda ake jibge kaya da ƙurarsu. Kuma in kin ga abin da ya yi miki kar ki tsaya a kansa kina masha Allah, ki tambayi na kusa da shi tukuna, ki taya ƙasa sosai, in ya ƙi ki juya, sau da yawa kafin ki yi nisa zai kira ki.

Amma ni a ganina kayan da suka fi kyau ba su ma kaiwa kasuwa. Ki sauke manhajar Haraj a waya ki sa Jidda, ki riƙa neman masu rubuta lil bai' li dawa'is safar, wato na sayarwa ne saboda tafiya, waɗannan masu khuruj niha'i ne, masu barin ƙasar gaba ɗaya, jirgi na jiransu, dole su bar wa mai gida shaggarsa fayau kafin ranar tafiya, su ne masu sakin kaya a yadda aka taya. Tun 2017 da aka sa kuɗin murafiƙin, wanda baƙo ke biya a kan iyalin da ke zaune tare da shi, aka fara da riyal 100 kowane kai a wata har ya kai 400, iyalai da yawa na Misirawa da Indiyawa da 'yan Sudan da mu kanmu suke ta mayar da iyali gida, kuma an fi yi in makarantu sun yi hutun ƙarshen shekara. Lokaci na biyu gab da azumi, lokacin da masu hali ke canza majalisi. Ki sa maigida ya yi magana da haris, mai gadin gininku, da na maƙwabta, su ne farkon masu sanin wa zai tashi. Kar dai ki tura wa kowa arbun, wato kafin alƙalami, kafin ki ga kaya da idonki.

Yanzu katakon kansa. Duk abin da za ki saya ki sa a juya miki bayansa da ƙarƙashinsa, can ne ba a yi wa kwalliya. Katakon gaske za ki ga jijiyarsa tana tafiya har ta zagaya baki, irin su zan da sindiyan da suwaidi. Madgut kuwa, wato wanda aka matse garin katako da gam aka lulluɓe shi da takarda mai zanen itace, za ki gan shi a bayan kamar dunƙulen dusa, kuma in ƙafarsa ta kumbura to ya sha ruwa, ko na wankin ƙasa ko na mukayyif, wato AC, babu mai gyara shi. Ga ruɗubar Jidda, laimar iskar nan, kin san yadda Agusta da Satumba suke. Sannan dulab, wato kabad, na madgut in aka kwance shi aka sake ɗaurawa sukurun ba ya ƙara kamawa kamar da, kullum ƙofa a karkace. Kuma shi wannan salon naki ana goge fenti ne dan katako ya fito, in babu katako a ƙasa me zai fito?

Abin da zan ce ki sa ido a kai shi ne kayan Dumyaɗ, na Misira, masu sassaƙa da ruwan gwal ɗin nan da aka yi yayinsu, yawanci zan ne, yanzu matasa ba sa so suna ganin na tsofaffi ne shi ya sa suke zube a haraj, alhali irin lanƙwasar ƙafa da fulawar da kike gani a hotunan nan su ne a jikinsu. Ki girgiza kujera, in tana motsi kaɗan a mahaɗa gam da matsewa ne kawai, aikin awa ɗaya. In ƙafar ce ta tsage ki bari.

Kuɗin cizo: katifa kar ki saya ko da kyauta ce, haka kanaba, kujerar kushin mai zurfin soso wadda ba ki san gidan da ta fito ba. Kujerar katako mai ɗan mazauni ba laifi, munajjid, mai ɗinkin kujeru, zai yaye tsohon yadi da soso ya sa sabo. Ki kunna fitilar waya ki haska mahaɗa da ramukan sukuru da bayan durowa, in kin ga ɗige-ɗige baƙi kamar an yayyafa tawada to gidansu ne. In kuma kin ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa, ƙwaron katako ne yana ciki, shi ma ki haƙura. Wanda kika saya kar ya shiga ɗaki ranar, a hau da shi saɗah, wato saman bene, a naɗe da baƙar leda ya sha ranar Jidda kwana biyu uku, zafi in ya kai wajen digiri 50 yana kashe su har ƙwan, amma sai ya ratsa, shi ya sa abu mai kauri ba a dogara da rana kaɗai. Kuma ina roƙonki da Allah, duk wanda ya kawo miki ƙwayar nan ta fosfin ya ce a ajiye a rufe ɗaki kar ki karɓa, ta ɗakin ajiyar hatsi ce ba ta gida ba, iskarta na bin ramin mukayyif da bututu ta shiga gidan maƙwabta, an rasa rayuka a garin nan ta dalilinta har da yara.

Na ƙarshe dabbab, motar ɗaukar kaya. Ku yi ciniki da mai mota kafin a ɗora, ku faɗa masa hawa na nawa kuke kuma akwai mis'ad, wato lif, ko babu, dan wani lokacin kuɗin ɗauka da na masu hawa da shi sai ya fi kuɗin kayan. Ki auna faɗin ƙofarki da kwanar bene ki rubuta a waya.

Bintu Riyad

Ummu Sudais sannu da hidima, ni na yi kuma har yanzu ina yi, mu nan Haraj bin Ƙasim muke zuwa. Malam Abu Fahad ya gama magana a kan katako Allah ya saka, bari in karɓi ta fenti.

Shi salon ba wani sabon abu ba ne, wata Baturiyar Ingila Rachel Ashwell ce ta yayata shi, ta buɗe shago da wannan sunan a Santa Monica ta Amurka a 1989, tana bin kasuwannin gwanjo tana sayo tsofaffin kaya tana gyarawa. Fentin allin kuma wata ce daban, Annie Sloan, ita ma 'yar Ingila, ta fito da nata a 1990. Ana samun na gwangwani a nan amma ɗan ƙaramin gwangwani kuɗinsa zai iya fin tebur ɗin da za ki shafa wa, toh ina arhar take? Ni haɗawa nake. Ki sayi fentin bango na ruwa marar sheƙi, wanda suke ce wa maɗfi, na Jotun ko Jazeera duk ɗaya, ki sayi jibs, farin garin filasta, a shagon kayan gini. Awo ɗaya na jibs ki dama shi da ruwa kaɗan sai ya yi sumul babu gudaji, sannan ki zuba awo uku na fenti ki juya sosai. Kaɗan-kaɗan za ki riƙa haɗawa dan jibs baya jira, in kin bar shi ya kwana sai dai ki zubar, kuma kar ki wanke ragowar a sink zai toshe miki bututu.

Kafin fenti wanki, wannan shi ne inda masu bidiyo ke tsallakewa. Kayan gidajen nan sun sha turaren wuta shekara da shekaru, wasu sun sha hayaƙin shisha da maiƙon kicin, in kika shafa fari a kai washegari za ki ga rawaya-rawaya tana tasowa ta ƙasa, ki ƙara shafi ta ƙara fitowa. Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ki bari ya bushe sarai, in mai sheƙi ne ki ɗan bi shi da sanfara mai laushi dan fentin ya samu wurin kamawa, in kuma katakon mai duhu ne ko ja ki fara shafa masa jamalakka, wato shellac, najjarai, kafintoci ke nan, sun san ta, ita ke tare wannan rinin.

Sai dabarar kyandir. Ki goga kyandir a kusurwa da bakin durowa da wajen mariƙi kafin shafin fari, in ya bushe kika bi da sanfara wurin zai tashi da kansa ba wahala. In kina son kala biyu ki fara da toka-toka ko shuɗi, ki goga kyandir, ki rufe da fari. Amma ki tsaya ki yi tunani ina ne hannu da gwiwa ke yawan taɓawa a jikin kaya, nan kawai za ki goge, wasu sai su bi tsakiyar ƙofa su yi ta kankara abun ya koma kamar mage ta yi faɗa a kai. Daga ƙarshe dole ki rufe da wani abu dan fentin alli yana shan datti, ko kakin kayan katako ki shafa da tsumma ki murza, ko warnish na ruwa marar sheƙi. Na mai kar ki sa a kan fari, rawaya yake komawa. Tebur ɗin da za a ɗora shayi warnish ya fi, kaki baya son zafi.

Tunda kina da yara, tsohon fenti mai kauri da ke ɓarewa musamman a tsofaffin ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe yana iya zama da dalma a ciki, ƙurarsa guba ce ga yara da mai ciki. Irin wannan kar ki goge shi a bushe cikin ɗaki, ko ki bar shi a kasuwa ko a yi aikin a waje da jiƙaƙƙen sanfara da takunkumi.

Abu ɗaya da zan ce kar ki kwaikwaya daga hotunan shi ne tarkace. Su can ba su da ƙura irin tamu, mu nan Riyad in iska ta taso ko taga a rufe sai kin rubuta sunanki a kan tebur, duk wani leshi da busasshen fure da ƙananan kwalabe aiki ne kika ɗaukar wa kanki. Ku Jidda da ɗan sauƙi amma dai. Ni falo na abu uku ne masu fenti, sauran duk fili.

Hajiya Mai Turare, Makka

Salamu alaikum. 'Yata ce ta karanta min ta ce in sa baki, ita ke rubutawa ina faɗa.

Ummu Sudais 'yata, sayen kayan hannu ba abin kunya ba ne, mu da muka tashi a Shari'u Mansur wa ya san sabon dulab, wanda zai koma gida ya sayar wa wanda ya zo, haka aka yi ta yi. Ko nan Makka harajin Mu'aisim cike yake da mutane masu mutunci. Inda ban yarda da ku ba shi ne wannan kankare fenti da gangan. Bature ya gaji da sabo shi ya sa yake marmarin tsoho, mu kuwa baƙuwa in ta shigo ta ga dulab a kankare ba za ta ce ado ba ne, za ta koma gida ta ce yaron nan yana cikin wani hali a taimaka masa. Uwar mijinki ba ta kallon Pinterest. Ki shafa farinki ya fita tas, in ma za ki goge ki yi kaɗan yadda sai mai lura zai gani, shekara biyu da yara a gida su da kansu za su ƙarasa miki sauran.

Sannan ina mamakin 'yan matan yanzu, kuna neman tsohon kaya na Turawa alhali naku na nan. Jere fa da iyayenmu ke yi, kwalla da kumbo da langa da fanteka masu fulawa a jera su tun daga ƙasa har sama, ai shi ne adon ɗakin amarya. Da aka zo rushe-rushen unguwanni na ga mata suna barin irin waɗannan a kango wai nauyi, raina ya ɓaci. Ki tambayi tsofaffin danginku, za ki samu mai kumbo a ƙarƙashin gado. Guda uku ko biyar a cikin dulab mai gilashi sun isa, ki sa faifai masu kala a bango, tsohon barrad na shayi da dalla a gefe. Akwatin ƙarfe irin na alhazan da, a kankare tsatsar a shafa masa fenti a ɗora ƙyalle, ya zama tebur kuma ki zuba barguna a ciki. Ƙafar keken ɗinki Singer ko Butterfly, baƙin ƙarfen nan mai zane, a cire kan a ɗora katako ko marmara, ni a kan irinta nake ajiye mabkhara, kaskon turare, da kwalaben humra, duk wadda ta shigo sai ta tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma Hajiyarku in ta ga kumbo irin na ɗakin uwarta labari za ta hau ba ki, ba za ta tuna ta tambayi kuɗin kujera ba.

Farar kanaba kuma ki cire ta a ranki, gidan da ake cin miyar kuka da manja da shayi a hannun yara. Ki yi jalsa, wato wurin zama na ƙasa, munajjid ya yanka miki sabon soso, ki sa riga mai zif wadda za ki cire ki wanke, ta fi arha ta fi ɗaukar mutane ranar suna ko in baƙin Umra sun sauka, kin san gidan ɗan Jidda tasha ne. Yadi ki shiga Balad wajen Bab Sharif, in kin zo Makka kuma Utaibiyya. Duk ƙyalle ko darduma ta hannu a wanke kafin a shimfiɗa tunda za a yi salla a wurin. Kuma 'yan gumakan nan masu fukafuki da nake gani a hotunan da yarinyar nan ta nuna min, ban da su a gidan Musulmi.

Kar ki riƙa faɗa wa kowa nawa kika saya. An ce masha Allah ki ce Allah ya yi albarka, khalas.

'Yar Mai Wurno

Hajiya Allah ya ƙara girma, kin tuna min gida. Mu daga Umdurman muka zo bayan yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023, da jakar hannu kawai, duk abin da ke ɗakina yanzu na hannu ne kuma ba na jin komai. A Sudan ai ba a yar da angareb, gadon katako mai saƙar igiya, igiyar ce ke tsufa a sake saƙa wata, katakon kuwa sai jika ya gada. Ummu Sudais in kin dace da 'yan Sudan masu tashi ki tambaye su bambar, ƙaramar kujerar nan ta saƙa da muke zama a kai wajen shan jabana, wato kofi, guda biyu a kusurwa da tabag, faifai mai kala, a bango ya isa ado, kuma su waɗannan ba sa son fenti, mai kawai za ki shafa wa katakon.

Labule kuma ga dabara, tsohon tob, dogon mayafin da matan Sudan ke naɗawa. Tob ɗaya ya kai mita huɗu da rabi, in kin raba biyu ya rufe taga har ƙasa, farare masu ɗan aiki a baki sun fi dacewa da abin da kike so, haske na ratsawa amma na waje baya ganin ciki da rana. Da dare in an kunna fitila ana gani fa, sai kin sa mai kauri a baya. Ni dai ina bayan Hajiya a zancen kankara, amma Bintu ta fi mu sanin zamani.

Bintu Riyad

Hhhh Hajiya na karɓi gyara rabi. Falon baƙi a yi shi tas yadda kika ce, amma ɗakin kwana na mutum ne, can ta kankare abinta yadda ranta ke so.

Sale Mai Wuta

Ni gargaɗi ɗaya, tsofaffin abajora da najafa na haraj, wato fitilun tebur da na rataye, da yawa daga gidajen wuta 110 suka fito, sababbin gine-gine kuma 220 ne. Jikin fitilar ba matsala, a canza waya da mazaunin ƙwai da fulogi, abu ne mai arha, amma kar a jona a gwada a gida haka nan, tsohuwar waya tana bushewa ta farfashe a ciki. Tsohon mukayyif na taga kuma arharsa a ranar saye ce kawai, faturar kuɗin wuta za ta rama.

Ummu Sudais

Kai jama'a nagode sosai wlh, Hajiya Allah ya ƙara lafiya, na kira Innarmu ta ce akwai kumbo da kwalla na kakarmu a wajen yayarta za a kawo min. Malam Abu Fahad na shiga Haraj ɗin jiya da dare har maigida ya ce in kashe waya, na ga wani dulab mai gilashi ƙofa biyu da durowa a ƙasa, mai shi Bamisire ne zai tafi ƙarshen wata, ya ce na Dumyaɗ ne, ruwan gwal ne a sassaƙar amma ya dushe, gilashi ɗaya ya tsage kuma na ce ya turo hoton baya na ga bayan siriri ne kamar kwali ya ɗan lanƙwashe. Wannan madgut ɗin ne da ka ce in guda? Sannan gwal ɗin sai na kankare shi duka kafin in shafa fari ko yaya?

Abu Fahad Najjar

A'a ƙanwata, bayan dulab ko na katakon gaske ne yawanci da siririn ablakash, wato plywood, ake rufe shi, wannan ba aibi ba ne, in ya lanƙwashe a ɓalle a buga sabo, kuɗi kaɗan ne. Inda za ki duba shi ne ƙafafu da firam ɗin ƙofa da gefen durowa, ki ce ya zaro durowa ɗaya ya ɗauki hoton kusurwarta da ƙasanta. In kin ga haƙora-haƙora sun shiga juna a kusurwar to aikin najjar ne na gaske. Gefen dulab ɗin zai iya zama ƙishra, ɓawon katako mai kyau da aka manna a kan katako mai arha, shi ma ba komai in bai kumbura ba bai ɗaɗɗago ba, sai dai wurin kar ki matsa sanfara dan ƙishra siririya ce za ki huda ta. Gilashi ki cire ɗayan mai lafiya ki kai wa mai zujaj, mai yankan gilashi, ya yanka miki irinsa, ki sa tsagewar a cikin ciniki ya rage miki.

Gwal ɗin kar ki kankare. A ƙarƙashinsa akwai farin ma'ajun, wani kwaɓi mai daskarewa, da suka yi shimfiɗa da shi, wani wurin ma fulawar kanta da shi aka ƙera ba sassaƙa ba ce, in kika sa ƙarfe za ki ɓalle ta. Ki wanke da tsohon burushin haƙori ba tare da jiƙa shi sosai ba, ki shafa farin a kai siriri, kafin ya gama bushewa ki bi saman fulawar da ɗanyen tsumma, gwal ɗin zai leƙo a tudu farin ya zauna a kwari, ko Hajiya ba za ta kira wannan kankara ba.

Ku je da maigida ku gani da rana, ki buɗe ki sansana cikin, in warin fumfuna ya buge ki to ya daɗe a wuri mai laima, ki duba ƙasan da kyau. In ya yi, ku biya ku ɗauke a ranar, kuma a cire ƙofofin gilashin a naɗe su daban da bargo kafin a ɗora a dabbab.